Ba kowane dogon ƙwai ne ke tafiya da kowane balas ba

Duk mai aikin waya ya san irin kiran nan, "Malam zo ka duba mana, ƙwayayen da muka saka ko wata uku basu yi ba sun fara mutuwa", kuma kafin ka iso an riga an yanke hukunci wai ƙwan jabu ne. Wani lokacin jabun ne kam, bana musu. Amma a manyan gine-ginen kasuwanci, ofisoshi da manyan kantuna da ɗakunan ajiya inda fitilu suke ɗari-ɗari, abinda nafi cin karo dashi shine ƙwan lafiyarsa ƙalau, balas ɗin ma, wato na'urar da ke daidaita wa ƙwan wuta, lafiyarsa ƙalau, kawai dai ba don juna aka ƙera su ba.

Aikin da yafi buɗe min ido akan wannan wani babban gini ne, ƙasa kanti, sama ofisoshi, ta baya ɗakin ajiya da ɗakin sanyi. An gina shi ne kashi-kashi cikin shekaru, kowane ɗan kwangila yazo da irin fitin ɗin da ya samu ya maƙala ya tafi abinsa, babu wanda ya bar takarda ko ɗaya da ke nuna me ke cikin silin. Manajan yace min "Injiniya ni dai ka samo mana wani kamfanin ƙwai, wannan ya ishe mu." Nace Yallaɓai ayi haƙuri mu buɗe fitilun tukuna mu ga me ke ciki, don in ba'a gano inda gizo ke saƙa ba ko ƙwan wane kamfani aka kawo haka zai mutu.

Abinda mutane da yawa basu riƙe ba shine dogon ƙwai baya iya tsaida wa kansa yawan wutar da zai sha. A cikinsa iskar gas ce da ɗan makyuri, da zarar wuta ta ratsa ta sai turjiyarta ta riƙa raguwa, karent na ƙaruwa tana ƙara buɗe masa hanya, in babu abinda ya tare shi cikin ƙiftawar ido ƙwan ya ƙone. Balas shine linzamin dokin. Shi ke tada ƙwan da farko, sannan shi ke riƙe karent a daidai gwargwado muddin fitilar na kunne. Toh kaga in ka canza ƙwai ka bar balas, balas ɗin bai san ka canza komai ba, abinda aka tsara shi ya bayar shi zai cigaba da bayarwa, ko yayi wa sabon ƙwan yawa ko yayi masa kaɗan.

Muka fara da sito. Katan-katan na ƙwai mai tsawon ƙafa huɗu, T8 mai wat 36, sai ragowar T12 mai wat 40 a jingine a lungu. Na tambayi mai kula da siton ya yake rabawa, yace "Ai Malam duk ƙafa huɗu ne, wanda yazo hannu shi nake bayarwa." Kuma ban ga laifinsa ba sosai, domin T12 da T8 gindinsu iri ɗaya ne, G13, fin biyu da tazarar milimita 13 a tsakani, kauri ne kawai ya bambanta su, T12 milimita 38, T8 kuma 26. Holda ɗaya duk tana karɓarsu, ka murɗa ya zauna daram, ka kunna ya kawo haske. Wa zai ce akwai matsala?

A tsohon ɓangaren ginin kuma da gaske babu matsalar. Can cok ne, balas ɗin nan na da mai nauyi, waya naɗe a jikin ƙarfe, da sitata a gefe, 'yar na'urar nan da ke taimaka wa cok tada ƙwan. T8 mai wat 36 tun asali an yi shi ne don ya maye gurbin T12 mai 40 akan irin wannan haɗin, karent ɗinsu kusan ɗaya, wajen 430mA (mA ma'aunin karent ne). Sai dai akwai wasu tsofaffin fitin na T12 marasa sitata, su kam T8 mai 36 yakan ƙi tashi akansu ko ya tashi da ƙyar, saboda gas ɗin cikinsa daban ne kuma yafi wuyar tayarwa.

Sabon ɓangaren ne ya nuna mana ainihin abin. Na hau tsani na cire murfin ƙarfen, ga balas na ilektironik siriri mara nauyi, na goge ƙurar da babban yatsa na haska da tocilan waya, a jiki an rubuta 120-277V, a ƙasa kuma jerin ƙwayayen da yake ɗauka: F32T8, F25T8, F17T8. Babu 36 ko ɗaya a jerin. F32T8 ƙwai ne na tsarin Amurka, tsawonsa ɗaya da mai 36, gindinsa ɗaya, kaurinsa ɗaya, in ka ajiye su gefe da gefe ba tare da ka karanta rubutun ba bazaka bambance su ba, amma shi akan 265mA aka tsara shi. Yaron da ke riƙe min tsani yace "Oga 36 da 32 ai huɗu ne kawai a tsakani." Nace masa bar kallon wat, kalli karent. Ƙwan da ke son 430 ka ɗora shi akan balas ɗin da aka yi wa mai 265, filamen ɗin da ke ƙarshensa biyu bazai samu zafin da yake buƙata ba, kuma filamen mai sanyi in ana tilasta masa aiki sai hodar da aka shafa masa ta riƙa tarwatsewa tana manne wa gilashi. Wannan baƙin da kake gani a bakin ƙwai kamar an tura masa hayaƙi, ita ce. Na zaro ɗaya na nuna wa manajan, baƙin ya kai tsawon yatsa biyu ta kowane gefe, alhali rubutun kamfanin da ke jikinsa ko dusashewa bai yi ba don sabunta.

In aka juya abin kuma, F32T8 akan balas ɗin T12, sai yasha fiye da ƙima, yayi haske sosai har mai gini yaji daɗi yace wannan ƙwan yafi kyau, ba'a jima ba ya mutu.

Daga nan na daina tambayar wane ƙwai ake sawa a nan. Kowane ɗaki sai na buɗe fitin na karanta jikin balas, domin kusan duk abinda kake nema yana nan a rubuce: ƙarfin wutar da yake karɓa, irin ƙwan, guda nawa yake ɗauka, yadda yake tayarwa, zanen haɗin waya, har mafi ƙarancin zafin wurin da zai iya tada ƙwai. In ƙwan da ke hannunka baya cikin jerin, toh ba nashi bane, ko da ya kama.

Koridon hawa na biyu kuma wani labarin ne daban. Fitin ɗin silin masu murabba'i, ƙwai huɗu masu wat 18 a kowanne, da yawansu biyu na ci biyu sun ƙi, wasu sai sun daɗe suna ƙifta ido kafin su kama. An canza ƙwayayen, an canza sitata, shiru. Da na duba sai naga cok biyu ne kawai a ciki, kowane cok mai wat 36 yana jan ƙwai biyu a jere ɗaya bayan ɗaya, haɗi ne sananne babu laifi a cikinsa. Amma irin wannan haɗin sitatar S2 yake so, mai ɗaukar wat 4 zuwa 22, domin sitatocin biyu raba wutar suke a tsakaninsu, kowacce wajen rabi take samu. Su kuma S10 aka zuba musu, mai wat 4 zuwa 65, wadda aka yi don ƙwai ɗaya akan cikakkiyar wutar 220-240V, rabin wuta baya isarta ta motsa yadda ya kamata. Girmansu ɗaya, farar robarsu ɗaya, sai ka juya ka karanta ɗan rubutun. A na Osram kuma ST151 da ST111 zaka gani. Muka sauya su S2, korido ya haskaka gaba ɗaya da ƙwayayen nan dai da ake shirin zubarwa. Haka in ka saka S2 akan ƙwai ɗaya mai 36 ko 58 zata iya riƙa katse shi bayan ya kama, yayi ta kunnawa yana mutuwa.

Kuma don Allah duk fitilar cok da ta fara ƙifce-ƙifce a cire ƙwan ko sitatar nan take, kar a barta kwana da kwanaki. Duk ƙiftawar nan cok ɗin ne ke shan wahala yana zafi, wani lokacin sitatar ta manne sai kaga bakin ƙwan biyu sunyi ja suna ci babu haske a tsakiya, haka cok zai yi ta dahuwa har ya fara wari. Ni in na canza ƙwai akan cok tare da sitata nake canzawa.

Inda nafi daɗewa shine banɗakuna da matattakala da ɗakin fayil, wuraren da aka saka na'urar gane motsi don rage shan wuta. Niyya mai kyau ce. Amma a nan ne ƙwayaye suka fi mutuwa a duk ginin, kuma a nan ƙwan daidai yake da jerin da ke jikin balas, F32T8 akan balas ɗin F32T8, don haka ba maganar karent bace. Yadda ake tayarwa ne.

Balas na ilektironik kala uku ne ta wannan fuskar, kuma yawanci zaka ga haruffan a jiki. Mai IS nan take yake kunnawa, baya ɗumama filamen ko kaɗan, wuta mai ƙarfi wajen 600V yake bugawa ƙwan ya tashi dole. Mai RS yana ɗumamawa yana tayarwa lokaci guda. Mai PS kuma sai ya fara ɗumama filamen ɗin kamar na daƙiƙa ɗaya, ya tabbatar yayi zafi, sannan ya saki wutar tayarwa. Mai IS ba mugun abu bane, a ɗakin ajiya ko cikin kanti inda ake kunnawa da safe sai dare a kashe shine ma yafi, yana rage wajen wat biyu a kowane ƙwai tunda baya ɓata wuta wajen ɗumi, kuma yawancinsu in ƙwai ɗaya ya mutu sauran suna cigaba da ci. Amma duk tashin da yayi a sanyi sai ya ɗan ɓantari hodar filamen. Awannin da kamfani ke rubutawa a kwali, ace 20,000, an gwada su ne akan duk kunnawa ɗaya ƙwan yayi wajen awa uku yana ci. Toh banɗakin da mutum zai shiga fitila ta kama, ya fita bayan minti biyu ta mutu, wani ya shigo ta sake kamawa, haka tun safe har yamma, ina zata ga awa 20,000? Kuɗin wutar da aka rage duk ya tafi a sayen ƙwai da hawa tsani, kwalliya bata biya kuɗin sabulu ba.

Maganin shine a mayar da su PS, a kuma ƙara wa na'urar lokacin jira zuwa kamar minti goma sha biyar. Sai dai canjin ba cire wannan ka saka wancan bane kawai, kuma nan ne nake ganin masu gyara da yawa suna tuntuɓe. Fitin ɗin da aka yi don IS holdarsa haɗaɗɗiya ce, wato ramukan fin biyun a haɗe suke ta ciki, tunda waya ɗaya ce ke zuwa kowane gefen ƙwai. Shi kuwa PS waya biyu yake turawa kowane gefe don wutar ɗumi ta shiga ta fin ɗaya ta ratsa filamen ta fita ta ɗayan. In ka haɗa shi da haɗaɗɗiyar holda ka gajarce masa hanyar ɗumin kenan, filamen bazai ji komai ba, balas ɗin ma zai iya lalacewa, ka kashe kuɗi ka dawo inda kake ko ƙasa da haka. Da ido ba kullum ake ganewa ba. Mun kashe wuta, mun zare wayoyin holdar, na saita mita a wurin da take ƙara in waya ta haɗu, yaron ya zura tsinken mitar biyu cikin ramukan, sai ƙiiii. Ya kalle ni yace "Oga a haɗe take." Muka gwada ta gaba, ƙiiii. Dukkansu haka. Dole aka sayo holda marasa haɗi aka canza su tare da balas ɗin. In kuma akasin haka ne, zaka saka IS a fitin mai holda mara haɗi, sai ka haɗa ramukan biyu da guntuwar waya kusa da holdar kamar yadda zanen ya nuna.

Bayan an gama wasu ma'aikata sun yi ƙorafi wai fitilar banɗaki tana ɗan jinkiri kafin ta kama. Nace musu wannan ɗan jinkirin shi aka saya.

A ɗakin taro T5 ne, siririn nan mai milimita 16 da gindin G5. Shi ba'a rikita shi da T8 tunda ya fi shi gajarta kuma fin ɗinsa a matse suke, amma a cikin gidansu akwai nasu rikicin. Mai wat 28 da mai wat 54 tsawonsu ɗaya cif, milimita 1149. Na farkon dangin HE ne, masu tsimin wuta, su 14 da 21 da 28 da 35, duk wajen 170mA suke ci shi yasa zaka ga balas ɗaya ya jera su duka a jikinsa. Mai 54 kuma HO ne, dangin masu haske mai yawa, wajen 460mA. Ka saka mai 28 akan balas ɗin 54 ka kusa ninka masa karent sau uku. A ɗakin an cakuɗa su, wani layin yana ƙyalli wani dishi-dishi. Akwai balas masu gane ƙwan da aka saka musu su daidaita kansu, amma sai in an rubuta hakan a jiki, kar ka ɗauka kowanne haka yake.

A nan ne kuma na tarar da holda guda da ta narke ta zama ruwan ƙasa, tana taɓawa tana marmashewa. T5 saboda sirantarsa gilashin yana dab da filamen, in ƙwan ya tsufa gefe ɗaya ya cinye sai wannan gefen ya ɗau zafi mai tsanani, har ya narkar da holda ko ya tsaga gilashi. Shi yasa balas ɗin T5 na ƙwarai yake da kariyar da ke kashe fitilar in ya lura ƙwan ya kai ƙarshe, zaka ga an rubuta EOL. Wanda ke cikin wannan fitin ɗin babu wannan alamar a jikinsa, ban kuma yarda a bar irinsa ba ko ɗaya. Abin lura, masu kariyar nan wasunsu in ka saka sabon ƙwai da kansu suke tashi, wasu kuma sai ka kashe makunni ka sake kunnawa. Balas masu rai da yawa an jefar dasu a shara saboda an saka sabon ƙwai bai kama nan take ba.

Zafin wuri ma yana cikin lissafi. T8 yafi bada haske in iskar da ke kewaye dashi tana wajen digiri 25, T5 kuma wajen 35, don haka T5 a buɗaɗɗen fitin dab da bakin na'urar sanyaya ɗaki bazai bada hasken da aka rubuta ba. A ɗakin sanyi kuma an saka T8 masu rage shan wuta, irin masu wat 28 da 25 da ake sawa a madadin 32, su kuwa ƙasa da wajen digiri 16 basa son aiki, sai kaga haske yana birgima a cikin ƙwan zobe-zobe. Muka mayar da cikakken mai 32 da fitin mai rufi.

Ƙananan fitilun silin masu lanƙwasasshen ƙwai ban daɗe akansu ba. Mai fin biyu, G24d, sitatarsa tana cikin gindinsa, na cok ne. Mai fin huɗu, G24q, na ilektironik ne. Gindin yana da ɗan tudu da ke hana ka saka wanda ba nashi ba, amma na ga inda aka sa wuƙa aka fere tudun don ya shiga. In abu yaƙi shiga akwai dalili.

Maganar dima kuma, wato makunnin rage haske, a ofishin shugaban wurin an ɗaura irin dimar ƙwan filamen akan balas na yau da kullum, fitila na ta ƙugi tana rawa. Rage hasken dogon ƙwai sai da balas ɗin da aka yi don haka, mai wayar sarrafawa ta 1-10V ko DALI, wanda ke cigaba da ɗumama filamen yayin da karent ke sauka. Kuma sabon ƙwai ana barinsa yaci da cikakken haske tukuna kafin a fara rage shi, kamfanoni da yawa sun daɗe suna bada shawarar awa 100.

Akwai wata lamba da ake yawan tsallakewa, BF. Ita ke nuna kashi nawa na hasken ƙwan balas ɗin zai fitar. Zaka samu mai wajen 0.77, da na tsakiya 0.88, da mai ƙarfi wajen 1.18. Duk ukun F32T8 suke ɗauka, duk daidai suke, amma in ka cakuɗa su a silin ɗaya sai ɗaki yayi dabbare-dabbare, mai gini kuma ƙwai zai zarga. Haka launin haske, ƙwayaye masu lamba 830 da 840 da 865 a layi ɗaya, wannan ja-ja wancan fari fat, ko da yake shi wannan ba ruwan balas.

Shi kansa balas ɗin abinda ke kashe shi zafi ne. A jikinsa akwai ɗan ɗigo da aka rubuta tc da lamba, yawanci 70 ko 75, wato iyakar zafin da wurin ya kamata ya kai, kuma ƙa'idar da aka saba da ita itace duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu. Na ga waɗanda aka bari suna lilo a jikin waya ba'a ɗaure su da ƙarfen fitin ba, alhali ƙarfen ne ke janye musu zafi. Cok kuma a duba ko na 50Hz ne ko 60Hz, na 60 akan wutar 50 karent ɗin da zai saki yafi ƙima, zafi zai yi ta yi. In zaka mayar da fitin ɗin cok zuwa ilektironik ka cire komai, cok da sitata da kafasita, ka bi zanen sabon daga farko, wayoyin da aka ce a gajarta ka gajarta su. Kuma atin, wato wayar da ke haɗa ƙarfen fitin da ƙasa, ba ado bane a nan, masu RS musamman suna dogara da ƙarfen fitin mai atin da ke kusa da ƙwan kafin su tashi da kyau, in kaga fitilar da sai an shafa ƙwan da hannu take kamawa fara duba atin.

Da aka ƙara yawan na ilektironik a layi ɗaya sai bireka ta fara faɗuwa da safe lokacin kunnawa, alhali lodin bai kai ko kusa da iyakarta ba. Fizgar farko ce, kowane balas yana zuƙar karent mai yawa na ɗan ƙanƙanin lokaci in aka kunna shi, in suka taru sai bireka ta ɗauka matsala ce. Takardar kamfanin tana faɗin guda nawa zaka ɗora akan bireka mai lamba B16 ko C16. Muka raba layin biyu.

Wani abu da bana wasa dashi, fitilun gaggawa masu batir a ciki. Ka kashe makunni, ka kashe bireka, amma suna nan da wuta, kuma na'urar cikinsu ma tana da nata jerin ƙwayayen da take ɗauka. A cire haɗin batir kafin a sa hannu.

Abinda na bar wa ginin ba wani abu mai wuya bane. Kowane fitin da muka buɗe mun rubuta irin ƙwansa da maka a cikin murfi, inda mai canzawa zai gani da zarar ya ɗaga kai. A sito kuma kowane kwali an rubuta ɓangaren da yake zuwa, aka kwashe T12 gaba ɗaya. Mai kula da siton da kansa ya koma tambayar duk wanda yazo karɓa "na wane ɗaki ne?"

Yanzu dai kowa ya san dogon ƙwai kwanansa ya kusa ƙarewa. Tarayyar Turai ta hana shigo da sababbin T5 da T8 kasuwarta tun Agustan 2023, kuma a taron yarjejeniyar Minamata kan makyuri da aka yi a Geneva a 2023 an amince a daina ƙera su da cinikinsu tsakanin ƙasashe zuwa 2027. Sai dai komawa dogon LED bai kashe wannan maganar ba, sabon salo kawai ta ɗauka. Akwai wanda ake cewa nau'in A, yana aiki ta cikin balas ɗin da ke nan, shi kuma kamfaninsa yana fitar da jerin balas ɗin da aka gwada shi dasu, in naka baya ciki zai iya rawa ko ƙugi ko yaƙi kamawa, kuma ranar da balas ya mutu shima ya mutu. Wanda aka yi don cok daban yake da na ilektironik, na cok yakan zo da wata 'yar sitata tasa da ake sawa a gurbin tsohuwar. Nau'in B kuma cire balas ake gaba ɗaya a kai layif da nutural kai tsaye zuwa holda, wasu ta gefe ɗaya wasu ta gefe biyu, kuma mai gefe ɗaya akan haɗaɗɗiyar holda kaga ka haɗa layif da nutural baki da baki kenan, don haka gwajin mitar nan dole ne a nan ma. Nau'in C da nashi direban yake zuwa. Duk fitin ɗin da aka cire wa balas a manna masa gargaɗi a ciki, domin wanda zai zo bayanka da dogon ƙwai na da a hannu bai san cikakkiyar wuta ce a holdar ba.

Tsofaffin da aka cire kuma kar a farfasa su a bola, makyuri ne a ciki, a mayar dasu cikin kwalayensu a kai inda ake karɓar irinsu. Tsofaffin balas na Amurka da aka ƙera kafin 1979 da yawansu akwai sinadarin PCB mai guba a kafasitarsu, waɗanda aka yi daga nan zuwa 1998 an rubuta musu a jiki cewa babu shi. In ka tarar da tsoho mara wannan rubutun, musamman wanda ke zubar da baƙin abu mai danƙo, ka sa safar hannu, ka saka shi a leda mai kauri ka ware shi daban.